Ma'aikaci Na Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Aboabo.
Fanka na juyi kamar ana binta bashi,
kokon da na saya da magariba ya yi fata a kofi.

Na raba aikin gida takwas,
ma'aikata takwas a cikin kwamfuta guda,
duk na gwaji ne, inuwa ce kawai
ta manyan na'urorin da ban taɓa gani ba,
waɗanda Adjoa ta ce za a saki aikin a kansu ran Litinin.

Cinikin Kejetia ne na wata shida:
kowane sidi da ya bi ta waya,
na mai doya, na mai atamfa, na mai gyaran takalmi,
layi miliyan goma sha ɗaya.
Na ce musu: ku tara kowa ƙarƙashin sunansa.
Na danna.

Bakwai suka gama kafin in yi hamma.
Ɗaya ya tsaya.
Casa'in da tara cikin ɗari,
minti goma, minti talatin,
sai allo ya yi ja, ya zubo rubutu
kamar buhun gero da ɓera ya huda:
wuri ya ƙare, na bakwai ya faɗi.

Na tashe shi, ya sake faɗuwa.
Na ƙara masa wuri, ya cinye, ya faɗi.
Na zargi waya, na zargi agogo,
na zargi Mutawakilu da ya taɓa lambar shekaranjiya
ya tafi Tamale ɗaurin aure bai bar bayani ba.
Har wuta ta ɗauke, ta dawo,
na ce ko ita ce. Ba ita ba ce.

Sai na daina zargi, na buɗe kayan da ke kansa.
Na ɗaya, layi miliyan guda.
Na biyu ma haka, na uku, na huɗu.
Na bakwai, miliyan huɗu shi kaɗai,
kuma gurbin suna a kowane layi fayau.
Ba kowa.

Sidi biyar. Sidi uku. Sidi takwas.
Daga bakin tasha zuwa layin 'yan tumatir,
daga layin 'yan tumatir zuwa bakin tasha.
Na gane su.
'Yan kaya ne, masu tasa a ka,
waɗanda ake biya ta wayar wani,
ta wayar mai shago, ta wayar ɗan kamasho,
aka rubuta kuɗin, ba a rubuta su ba.
Na'ura kuwa ba ta san kunya ba:
duk marar suna mutum ɗaya ne a wurinta,
ta tattara su ta aza wa na bakwai
ko gammo babu.

Maganin layi ɗaya ne, kowa ya san shi:
a tace, a zubar da marasa suna.
Aikin zai gudu kamar ruwan Subin bayan hadari,
Adjoa za ta ce madalla.
Na rubuta layin.
Yatsana ya tsaya a kan maɓalli.

Sanatu ta faɗo mini a rai,
wadda ke ɗauko wa innata buhun masara duk Asabar,
ta sauke, ta murza wuya, ta ce a ƙara mata ruwa.

Na goge.
Na ba kowane layi lamba ta aro,
na watsa su a kan takwas ɗin daidai wa daida,
na buɗe musu gurbi, na sa masa suna:
ba a tambaya ba.

Minti huɗu, allo ya yi kore.
Ladan na Asawase ya fara gyaran murya.
Na rubuta wa Adjoa: ya gudu,
amma akwai maganar da ba ta lamba ba ce,
mu yi ta da safe.

Can ƙasa an fara jan tasa a kan kwalta.