Sai Dai a Kira Shi

Shekara goma sha huɗu tarhon nan na zaune
kan kabad a ɗakin Baba Zabairu, nan Bagalam,
ruwan toka, mai faifan lamba da ake juyawa da yatsa,
lulluɓe da ƙyallen da Inna ta saƙa kafin ta rasu.
Tun ran da hadari ya kayar da falwayar bakin titi
ba wanda ya zo ya ɗaura masa waya.

Mun saya wa Baba salula, ba sau ɗaya ba.
Shekara arba'in yana jan basilla a rumfar dukawa,
fatar yatsunsa ta koma ƙirgi.
Ya shafa gilashi, gilashi ya ƙi saninsa.
Ya ce, "Abin da ba ya jin hannuna,
ta yaya zai ji mini murya?"

Sai Tsahiru, ɗan maƙwabta mai gyaran na'ura,
ya zo ran Laraba bayan la'asar
da ɗan akwati, bai kai sabulun wanki ba,
ramuka biyu a bayansa kamar hancin maraƙi:
ɗaya na igiyar tarho, ɗaya na intanet.
Ya share yanar gizo ta gaske, ya jona ta zamani,
ya duƙufa yana cusa lambobi
har shayinsa ya huce, har aka kira magariba,
sannan koriyar fitila ta kama, guda ɗaya.

Baba ya ɗaga kan tarhon, ya kara a kunne.
Ga gunjin nan siriri, irin na da.
Tsahiru bai iya ɓoye magana ba, ya ce,
"Baba, akwatin ne ke yin ƙarar da kansa
don kunnenka ya saki jiki. Gidan waya bai san da kai ba."
Baba ya ce, "Ƙyale shi. Na sha jin ƙarya,
ban taɓa jin mai daɗin wannan ba a duniya."

Da muka juya faifan, ƙarrr, ya koma mazauninsa,
ba abin da ya tafi ko'ina.
Akwatin bai san ƙirgen tsofaffi ba, sai kukan maɓalli.
"A kira ku, ku ɗauka," in ji Tsahiru. "Ku dai ba ku kira."
Na fara lissafin jikkunan da na biya.
Baba ya ce, "Mai shekara tamanin, wa zai kira?
Ai shi zaman jiran kira yake."
Shi kaɗai ya yi dariya.

Ran Juma'a da dare ƙararrawa ta tashi.
Kaji suka watse daga gindin bedi,
yaran gida suka cika ƙofa, ba su taɓa jin ƙarfe na kuka ba.
Baba ya bari ta buga sau uku,
wai ɗauka a bugun farko halin marar aiki ne.
Cima ce daga Abijan, autarsa.
Muryarta na zuwa a makare, kamar mai ɗauke da tulu,
sai ya ce "Ina jin ki" ta ce "Kana ji na?"
su yi karo, su ja da baya, su sake karo a tsakiyar hanya.

Tana cikin ba shi labarin haƙorin jikansa
aka ɗauke wuta.
Koriyar fitila ta mutu, gunjin ya bi ta.
"Na da," in ji Baba cikin duhu, "ko ba wuta yana magana."
Bai ajiye ba. Ina jin numfashinsa a bakin tarhon.
Na lalubo ƙyallen Inna zan mayar,
ya riƙe mini hannu da yatsun nan nasa masu kaushi:
"Ba a rufe mai rai.
Kai shi cikin adaka, ka yi masa ajiya."