Iri a Aljihu

Na farko a fakiti na saye shi,
a wani shago bayan Taminus,
da hoton barkono ja wur a jikinsa
kamar an shafe shi da man gyaɗa.
Sati huɗu ina ban ruwa, ina leƙe.
Abin da tukunyar ta ba ni:
ciyawa biyu da gidan tururuwa.

Ran Asabar na gangara Farin Gada,
na ratsa kwandunan kabeji da karas,
taɓo har idon sawu,
na iske Ngo Kachollom zaune kan buhunta,
ta taso daga Kuru tun kafin assalatu.
Na ce iri nake nema.
Ta dube ni, ta dubi almakashin da ke leƙowa daga aljihuna.
"Tela, kai da allura, me ya gama ka da ƙasa?"
Ta wuce masu sheƙin da ake ciniki a kansu,
ta zura hannu ƙarƙashin faifai,
ta zaro attarugu uku da suka yamutse
kamar goshin kakata in tana lissafi.
"Waɗannan a jikin uwarsu suka tsufa.
Wanda aka tsinke ɗanye, cikinsa ƙarya ce."
Na miƙa kuɗi, ta ture hannuna.
"Iri aronsa ake yi.
In ya yi, ka san inda nake zama."

A gida na tsaga su da reza,
na manta, na sosa ido.
Rakiya ta yi dariya har sai da ta dafa turmi,
sannan ta kawo mini ruwa.
Na zuba ƙwayoyin a kofi:
masu tasowa sama fanko ne, na zubar.
Masu nauyin kai suka kwanta a ƙasa,
talatin da ɗaya.

Amma barkono ɗan ɗumi ne,
Jos kuwa da dare man kaɗe ma daskarewa yake.
Na ajiye su bayan firji, aka ɗauke wuta kwana uku.
Na kai su kusa da dutsen guga, na ji tsoron kada in gasa su.
Sai na ɗauki ƙyallen shadda,
ragowar rigar wani ango da bai gama biya ba,
na jiƙa, na matse, na jera su a ciki,
na naɗe a leda,
na cusa a aljihun ƙirji, ƙarƙashin suwaita.
Da su nake taka keken ɗinki.
Da su nake sujada.
Rakiya ta ce ta auri kaza mai kwanci.

Kwana bakwai, shiru.
Kwana tara, warin danshi kawai.
Ran na goma sha ɗaya, a hawan Gangare,
na laluba canjin mai adaidaita,
hannuna ya fito da ledar.
Na buɗe.
Farin zare siriri
ya ɓullo ta kafar da ba ni na huda ba.
Shekara ashirin ina zura zare a allura,
ban taɓa ganin wanda ya zura kansa ba.
Direba ya ce, "Malam, lafiya?"
Na ce ya riƙe canjin.

Gwangwanayen tumatir na huda da ƙusa,
ƙasa, yashi, kashin awaki da ya kwana biyu,
rami iyakar zurfin farce.
Sha tara suka ɗaga kunnuwa biyu biyu.
Kazar Ɗan'azumi ta ci huɗu,
har yau gaisuwarmu a taƙaice take.

Yanzu sun yi ja a bakin katanga,
miyar gidanmu tana sa baƙo neman tsumma.
Amma akwai uku a reshen can na ƙarshe
da na ɗaura wa shuɗin zare.
Kada kowa ya taɓa.
Sai sun yamutse tukuna.
Ana bina bashi a Farin Gada.