Daƙiƙa Talatin

Ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani Logon ne,
wanda in bazara ta yi nisa
yara ke ratsa shi da riga a ka.
Amma tun bayan Isha'i
ina ƙarƙashin wani teku mai sanyi,
a shagon gyaran waya, bayan kasuwar Kusuri,
ni da mutum hamsin da na haddace sunayensu,
su ko nawa ba su sani ba.

Farkon wasan akwai daɗi.
Mu taso sama mu sha iska,
mu bi ayarin jiragen kaya
yadda kura ke bin garke da dare.
A lokacin ni ne mai jar koma.
Yanzu kalandar yaƙin ta kai arba'in da huɗu,
ni ne kifin.

Sama ta yi ido.
Duhu ya daina rufa mana asiri.
Batir na son caji, huhu na son iska,
dole mu fito,
fitowar kuwa ita ce laifin.
Na leƙa madubi: gabas shiru, yamma shiru.
Sai ɗigo ɗaya a gefen gajimare,
kamar kashin ƙuda a jikin gilashi.
Na sa yatsa na goge.
Bai gogu ba.

Nutso!
Ƙararrawa ta ɗauka, mutanena na rige-rige zuwa goshin jirgi,
daƙiƙa talatin kafin ruwa ya rufe mu,
shi kuma ashirin ta ishe shi.
Mita goma. Sha biyar.
Na karya akala hagu.
Bam na farko ya girgiza shagon har dalma ta faɗo daga tebur,
ko kuwa gwiwata ce ta buge shi.

A bakin ƙofa Baba Adum mai gadi
ya zubar da rabin shayinsa.
Na ga wuyansa ya shige kafaɗa
tun kafin ya san ya yi.
Yana yaro ya tsallako wannan kogin a kwalekwale,
Njamena na ci da wuta a bayansa,
ba ya ba da labarin, mu ma ba ma tambaya.

Ya leƙo allon ya daɗe.
Ya ce, Sallau, wanda ka ji ƙararsa ya riga ya wuce ka.
Na bayansa za ka ji wa tsoro.
Kar ka ɗago inda ka ɗago jiya.
In ka samu ƙasa, ka riƙe ta.
Na ce, Baba, ai ruwa ne.
Ya ce, duk ɗaya.

Na riƙe.
Mita tamanin, injin a kashe, fitila ja.
Ruwa na tsiyaya a ɗakin baya,
mutum biyu sun ji ciwo, ɗaya mai dafa abinci.
Nan sama an ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, zufa ta gangaro,
sauro ya karɓi aikin jirgin.
Batirin jirgi saura kashi tara,
na kwamfuta sha ɗaya.
Ban san wanda zai riga wani mutuwa ba.

Ba wanda ke cin nasara a wannan zangon.
Na daina ƙirga jiragen da na nutsar,
ina ƙirga wayewar gari.

Daf da kiran assalatu na ɗago a hankali,
can nesa da wurin jiya.
Sama wayam. Iska ta shigo.
Mutum hamsin, ba ragi.

Sai ga wani jirgi na gaske
ya taso daga tsallaken kogi,
fitilunsa na ƙyaftawa a kan rufin kwano.
Ni na ɗaga kai.
Baba Adum ya sunkuya yana hura gawayi.

Na rage ƙarar kwamfutar.
Gobe zan sa abin kunne.