Ƙofa Ta Ashirin da Biyu

Ruwa ya ci titin Ɗorayi tun la'asar,
mai adaidaita ya ce ko da dubu biyar ba ya zuwa Fagge.
Sabar Alhaji Ma'aruf kuwa tana can saman bene,
bayan shagon atamfa a Kwari,
ta rungume lissafin dila ɗari uku,
ta hana yaran shago rasit.

Ya kira sau huɗu. Na ce, Alhaji, ga ni nan.
Ban tashi daga tabarma ba.

Watan jiya na yi cinikin wannan ƙofa.
Wani yaro a kasuwar waya ya miƙo mini filashi,
ya ce manhaja ce mai tsada, an fasa mata kwado, ɗauka kawai.
Na ce, wanda ya fasa kwadon wani ya ba ni,
ai gobe ɗakina zai kwana.
Wani kamfani ya aiko takarda mai sheƙi,
farashi da dala, duk shekara a sabunta,
cikinta kuma a rufe ruf:
ka biya, ka yarda, kada ka leƙa.

Sai na tuna kakana Inuwa, maƙeri a gefen Kurmi.
In zai sayar da kwado, kwance shi yake a gaban mai saye,
ga harshe, ga waya, ga inda yake cizo.
Yakan ce, sirrin kwado ba a cikinsa yake ba,
yana aljihun mai mabuɗi.

Na ɗauki wadda aka baje a faifai,
wadda hannu dubu suka tankaɗe kamar gari,
wanda ya ga tsakuwa ya faɗa, a tsince.
OpenSSH suke ce mata.
Kyautarta ba ta ragowar kwano ba ce,
ta rijiyar unguwa ce:
kowa ya ja guga, kowa ya leƙa,
wanda ya iya shiga ya yashe ta.

Na ƙera mabuɗi biyu, tagwaye.
Hassan na tura can ya tsaya a fili, kowa ya gan shi,
Usaini yana cikin kwamfutata, ko zaure ba ya fita.
Kalmar sirri kuwa na sallame ta.
Alhaji ya so a sa sunan 'yarsa Zuwaira da shekarar haihuwarta,
na ce, Alhaji, wannan ko mai shayin layinku ya sani.

Birni na da ƙofofinsa, Na'isa, Kabuga, Mazugal.
Tawa ba ta kan ganuwa,
lamba ce kurum, ashirin da biyu.
Kowace safiya nakan duba littafin maigadinta:
baƙi daga garuruwan da harshena bai iya ɗauka ba
sun kwana suna ƙwanƙwasawa,
suna aron sunaye, suna gwada sa'a.
Ba wanda aka amsa wa sallama.

To ga ni yanzu.
An ɗauke wuta, batiri kashi sha tara,
data saura ta ɗanɗano.
Baƙin allo, ɗigon haske yana ƙifta mini ido.
Na rubuta layi ɗaya. Na danna.

Shiru,
tsawon salati guda.

Hassan ya gane ɗan'uwansa.

Ashe rumbu ne ya cika da tsofaffin rahotanni,
tun na azumin bara, ba wanda ya share.
Na kwashe, na tashe ta, na saurara
kamar ina jin fankarta daga nan.

Waya ta yi ƙara.
Tasi'u, ta tashi! Yaushe ka iso? Ban ga shigarka ba.
Na dubi takalmina a bushe a bakin ƙofa.
Na ce, akwai wata ƙofa, Alhaji.
Ya ce, gobe ka nuna mini ita, in sa a yi mata fenti.

Rakiya ta turo mini kwanon dambu da ƙafa,
ta ce, ya huce tun kana Kwari.