Ragowar Naira Biyar

A Ƙofar Ruwa, bayan la'asar,
an ɗauke wuta, injinan walda sun yi tsit,
na shimfiɗa littafin ƙungiya a bayan wata matacciyar Fijo
na tara kuɗin shekara.
Dubu ɗari bakwai da ashirin,
da ɗari bakwai da ashirin.
Na sake tarawa. Bai motsa ba.

Lamba ce mai maimaita kanta
kamar kurma yana tambayar hanya.
Malam Hudu, da ya koya mini lissafi a Gwammaja
kafin talauci ya miƙa mini ƙarfe,
ya ce duk lambar da ta faɗi sunanta sau biyu haka
akwai dubu da ɗaya kwance a cikinta,
shi kuwa dubu da ɗaya
bakwai ne da sha ɗaya da sha uku suka haɗa jari.

Sai na shiga kwance ta kamar giyabos.
Biyu ta fito sau huɗu, uku sau biyu,
biyar sau ɗaya, sai waɗancan 'yan jarin uku.
Ƙusoshinta ke nan, ko wasa babu ƙari.
Cika ce, ba mara ba.
Masu raba ta ba saura su ɗari biyu da arba'in ne,
in ka tara su ka cire ita kanta, sun ninka ta fiye da uku,
kamar gidan da baƙi suka fi masu gida yawa.

Ku zo ku biyu, ta rabu.
Ku zo ku tara, ku goma sha uku,
ba ta ɓata rai.
Mu kuwa sha shida ne a rumfar nan:
kowa dubu arba'in da biyar da naira arba'in da biyar.
Har rabon ma ya gaji halin uwarsa.
Gambo ya ce wannan kuɗi ɗan halak ne.

Ina shirin jan layi
sai ga Nazifi, ɗan marigayi Ilu Mai Faci,
da katin ubansa a leda, gefensa ya sha baƙin mai.
Wata uku Ilu ya zuba kafin azumi ya wuce da shi.
Yaron bai ce uffan ba. Ya tsaya inda inuwa ta ƙare.

Sha bakwai.
Lambar da ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya,
ba dangin iya, ba na baba a cikin waccan.
Nan mai haƙurin tawa ta cije.

Tanimu ya duba ƙasa. Wani ya yi tari.
Gambo ya ce, raba mana, Ma'aji, magariba na zuwa.

Dubu arba'in da biyu kowa,
da ɗari uku da casa'in da biyar.
Saura biyar.

Naira biyar, da ko ruwan leda ba ta saye,
ba mai ita, ba yadda za a yanka ta.
Na rubuta ta ita kaɗai a ƙasan shafi,
na zagaye ta da jan biro.
Shekara tara ina riƙe da littafin nan,
lissafin da ya fita cif duk na manta shi.
Wannan shafin na lanƙwasa wa kunne.