Koyon Shiru a Yaba

Ƙarfe biyar nake barin Agege,
danfo cike har ƙofa,
littafina a ƙirji, gumin wani a kafaɗata.

A Yaba, Madam Oyelaran ta rubuta a allo:
"Kada ka kira shi ɗan ƙwaya.
Shi ma an yanka masa rago ran suna."

Na zo da wa'azi cike da baki,
ta ce in ajiye shi a ƙofa tare da laimata.
Wata uku ana koya mini
abin da na ɗauka kowa ya iya:
in zauna, in yi shiru,
in bar shirun ya yi nauyi
ban yi saurin sauke shi ba.

Mun haddace sunaye kamar 'yan aji ɗaya,
tiramol, kodin, sholisho,
da ɓarnar kowanne a hanta,
da karkarwar dare na uku,
da yadda mutum ke komawa ruwa
ba don bai san zurfinsa ba.

Ran Laraba aka ba ni Mato,
ɗan dako a kasuwar Mile 12.
Kwandon tumatir sittin a yini,
wuyansa ya zama icce.
Ya ce, "Malam, ka taɓa ɗaukar buhun albasa ba ka karya ba?
Jar ƙwaya biyu, sai buhu ya koma auduga."
Bakina ya buɗe. Na tuna laima. Na rufe.
Fanka na ta juyi.
Can sai ya ce
'yarsa ta daina zuwa in ya kira ta.

Ban gaya wa 'yan ajinmu ba
cewa Lawandi ƙanena ne,
wanda muka tsinta a ƙarƙashin gadar Oshodi,
kwalaben maganin tari uku a gefensa.
Shekara biyu ina yi masa faɗa.
Ko sau ɗaya ban tambaye shi
ina ke masa ciwo ba.

Saura mako biyu jarrabawa.
Mato ya yi kwana tara, ya faɗi, ya dawo
yana sunkuyar da kai kamar mai bashi.
Na jawo masa kujera.
Na ce, taran nan ba ta ɓace ba, ga ta a rubuce.

Ruwa ya kece a kan kwanon asibiti,
yau hanyar Agege sai bayan isha'i.
Na ajiye biro.
Na ce, fara daga inda kake so.