Gwafar Cikin Hanji

Ƙarfe biyu na rana, labo na asibitin Tawa.
Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
na ja madubin kusa da taga in roƙi haske.
A kan gilashi, kashin jariri ɗan wata uku.
Na shafa masa launi, na wanke, na jira.

Sai ga ta.
Ta riƙe shuninta kamar rawanin Buzu,
ƴar sanda, kai rabe biyu,
sak gwafar da ke tallafe da rumfar Inna Zuwaira
a kasuwar Lahadi, layin masu cuku.
Ba wutsiya, ba ƙafa, ba ta zuwa unguwa.
Iskar da muke shaƙa ita ce ajalinta,
don haka ta tare can ƙuryar hanji,
inda ko fitila ba a kunnawa.

A makaranta, a Yamai, sunanta ya cika allo.
Ni dai Gwafa nake ce mata.

Akwai wani zaƙi a nonon uwa
da jariri ba ya iya narkarwa.
Na daɗe ina tambaya, to rabon wa ne?
Ashe tukunya biyu uwa ke ɗorawa ba ta sani ba,
ɗaya ta ɗa, ɗaya ta baƙuwa.
Baƙuwa ta ci, ta yi tukuici da tsami,
tsamin ya zama darni,
masu kawo zawo su iso, su rasa masauki.

Bara da bazara Nafi'una ya yi zazzaɓi.
Ni da na yi karatun, ni na tsaya bakin tasha,
na sayi kafso a tire, ja da rawaya,
na fasa masa a cokali.
Magani bai tambayi sunan kowa ba:
ya je neman ɓarawo, ya haɗa da mai gadi.
Kwana tara ina wankin zanen goyo,
igiyar shanya ba ta huta ba.

Inna ba ta yi faɗa ba.
Ta dama ruwan gishiri da sukari yadda likita ya ce,
ta miƙo min yaron.
"Ba shi mama. In ya saki, ki sake ba shi.
Gonar da gobara ta ci, iri take jira, ba kuka ba."

Yanzu ga wata uwa a kan benci,
tun asuba ta taso daga Bambai a kan babur.
"Madam, an ga ƙwayar cuta?"
Na ce an ga ƙwaya, amma ba ta cuta ba.
Ta dube ni, ta dubi takardar.
"Ashe akwai wadda ba ta cuta?"

Na buɗe baki zan faɗi dogon sunan,
yaron ya farka, ya lalubi ƙirjinta.
Ta gyara zama.
Na bar su, su ukun, su ci abincinsu.